Alkamar Mata, Makullin Maza

Kofin shayi ne ya fara haɗa ni da matar da ta sauke ni a garin Aba, shekarar da na je bautar ƙasa. A darena na uku a gidanta na dafa shayi irin namu, da citta da kanumfari, na zuba a kofin da ya fi kowanne kyau cikin kayana, na kai mata har ƙofar ɗaki. Ta yi murmushi, ta yi godiya, ta ce ba ta sha. Na koma ɗaki zuciyata tana tafasa, domin na riga na yanke hukunci cewa hijabina ta gani, shi ya sa take ƙyamar abin hannuna. Sai da aka kwana biyu na ga ta cinye tuwon shinkafar da na tuƙa har tana neman ƙari, sannan na san na ɗauki alhakinta. Addininta ne ya hana ta ganyen shayi da gahawa da taba da giya, bisa wata ƙa'ida da ta samo asali tun 1833. Mama, kamar yadda na koma kiranta, mabiyar Ikilisiyar Yesu Kiristi ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe ce, waɗanda duniya ta fi sani da Mormon, ko da yake tun 2018 shugabanninsu suka nemi a daina kiransu da wannan suna.

Wata goma sha ɗaya na yi a gidan. Abin da na gani a can, da abin da ya tura ni na karanta daga baya, shi ya sa na ɗauki alƙalami a kan jama'a biyu da suka mamaye zancen matan wannan addini: masu yi musu jaje da masu yi musu kirari. Su biyun suna ganin juna a matsayin abokan gaba, amma ni a wurina aiki ɗaya suke yi. Kowannensu yana cika fili da surutu don kada a ji tambayar da ta kamata a yi, wato wane ne ke riƙe da makullin rumbun da matan nan suka cika da guminsu.

Bari in fara da masu jaje, tunda ni ma daga cikinsu na fito. Kafin in je Aba, abin da na sani game da Mormon bai wuce abu guda ba: wasu Turawa ne a jihar Utah ta Amurka da ke tara mata a gida. Wannan hoto shi talabijin ke sayarwa. Shirin Sister Wives, wanda aka fara nunawa a 2010, ya bi mutum ɗaya da matansa huɗu na wancan lokaci, alhali iyalin ba ma 'yan babbar ikilisiyar ba ne, 'yan wani ɓangare ne da ya balle. Ita babbar ikilisiyar, mai mabiya fiye da miliyan 17 a duniya, ta sanar da barin auren mace fiye da ɗaya tun 1890 a zamanin Wilford Woodruff, ta ƙara tsanantawa a 1904, kuma yau duk wanda ya yi, korarsa ake yi. Warren Jeffs, wanda kotu ta yanke wa ɗaurin rai da rai a 2011 saboda lalata da ƙananan yara, shugaban wata ƙungiya ce dabam. Amma mai jaje ba ya son wahalar bambancewa, kuɗin goro yake yi musu. Da labarin kishiyoyi ya tsufa, sai aka kawo The Secret Lives of Mormon Wives a 2024, aka maye gurbin matar da ake tausayi da matar da ake leƙen asirinta. Mu kuwa da kishiya ba baƙuwa ba ce a gidajenmu, ban ga dalilin da zai sa mu shiga sahun masu riƙe baki ba.

Na san ɗanɗanon wannan jaje, domin an sha yi mini shi. Na san kallon da ake yi wa mai hijabi a ɗakin taro, kallon da ya gama karanta rayuwarta tun kafin ta buɗe baki. Irinsa ne matan Utah suka sha a ƙarni na 19, kuma sun biya kuɗinsa da tsada. A watan Fabrairun 1870 majalisar yankin ta ba mata damar jefa ƙuri'a, wata malamar makaranta mai suna Seraph Young ta jefa ta farko, shekara 50 kafin dokar da ta ba matan Amurka baki ɗaya wannan dama a 1920. Wa ya ƙwace musu ita? Majalisar dokokin tarayya ce, a 1887, cikin dokar yaƙi da auren mata da yawa, da sunan ceto su. Masu ceton sun duba matan da suke cewa an danne, sai suka karɓe abu ɗaya tak da suke da shi wanda matan New York da Boston ba su da shi. Da Utah ta zama jiha a 1896 ƙuri'ar ta dawo, kuma a shekarar ce likita Martha Hughes Cannon, matar mijinta ta huɗu, ta tsaya takarar majalisar dattawan jiha a zaɓen da shi ma mijin ya tsaya. Ta ci, ya faɗi. Ita ce mace ta farko da ta zama sanatar jiha a tarihin Amurka, kuma a ƙarshen 2024 aka kafa mutum-mutuminta a ginin majalisar ƙasar. Ban ce auren nan bai ƙona zukata ba; littattafan da matan suka bari na rubutun yau da gobe cike suke da kaɗaici da hawaye. Abin da nake cewa shi ne, mai kuka ba dole ba ne ta zama marar baki.

Mai jaje kuma bai taɓa zama ya ƙirga aikin mako guda na irin su Mama ba. A ikilisiyarsu babu limamin da ake biya albashi a matakin unguwa. Bishop ɗinsu yana iya zama malamin makaranta ko ɗan kasuwa, kuma kowane babba ana ɗora masa wani aiki da suke ce wa kira, ba ya nema, ba a biyansa. Kiran Mama shi ne shugabancin ƙungiyar mata ta majami'arsu, wadda suke kira Relief Society, wato Ƙungiyar Agaji. Tana da ɗan littafi mai baƙin bango da ba ya rabuwa da jakarta, a ciki ta rubuta wadda ta haihu, da wadda mijinta ya rasa aiki, da wadda aka kwana biyu ba a gani ba. Kowace mace a ƙungiyar tana da gidajen da aka ba ta ta riƙa leƙawa. Idan aka yi rasuwa, su ne masu girki, kuma idan mamaciyar ta taɓa shiga haikali, mata ne ke sanya mata fararen tufafin binnewa, kamar yadda namu iyayen ke wanke 'yar'uwarsu. Ranar Lahadin farko ta kowane wata gidan ba ya ɗora tukunya da safe ko da rana: suna barin abinci biyu, a lissafa kuɗinsa a kai don talakawa. Wannan ban da ushirin da take cirewa, kashi ɗaya cikin goma na ribar shagonta, kafin ta taɓa ko sisi. Daren Litinin na iyali ne, a yi waƙa, a yi karatu, a ci ɗan abin marmari. A ƙuryar ɗakinta akwai buhunan shinkafa da wake da garin rogo, domin an koya musu kowane gida ya ajiye abincin da zai kai shi watanni idan rana ta ɓaci.

Na taɓa tambayarta, ina tsintar wake tare da ita, ko ba ta gajiya. Ta ce, "'Yata, ke da kike tashi kafin zakara ya yi cara kina alwala da ruwan sanyi, ke kike tambayata?" Ban sake tayar da zancen ba.

Har yadda addinin ya iso ƙasarta bai yi kama da labarin wanda aka yaudara ba. Kafin watan Yunin 1978 ikilisiyar tana hana baƙar fata maza matsayin firist, tana kuma hana baƙar fata maza da mata manyan ibadun haikali. Tabo ne da babu sabulun da zai wanke shi. Duk da haka akwai mutane a kudancin Najeriya da Ghana da suka shekara suna taruwa da kansu, suna aika wasiƙu birnin Salt Lake a turo musu malamai. A watan Nuwamban 1978 aka yi wa Anthony Obinna baftisma a jihar Imo, matarsa Fidelia ta zama shugabar Ƙungiyar Agaji ta reshen. A 2005 aka buɗe haikalin Aba, wanda nakan hango hasumiyarsa idan na wuce. Wanda ya dubi wannan ya ce duk wauta ce, ya raina hankalin mutanen da bai taɓa zama da su ba.

To, da a nan na tsaya, da na zama 'yar kirari, kuma masu kirari su ne suka fi ba ni haushi, domin su sun san gaskiya. Su ne masu cewa mace sarauniyar gida ce, ta fi namiji tsarkin zuciya, shi ya sa ba ta bukatar muƙami. Romon baka ne. Don a gane haka, a saurari labarin alkama.

An kafa Ƙungiyar Agaji ranar 17 ga Maris 1842 a garin Nauvoo na jihar Illinois, da mata 20, Emma Smith tana shugabanta. A daidai wannan zamani ne jajis ɗin Nana Asma'u ke zagaya ƙauyukan daular Sakkwato suna karantar da mata, kuma ina jin da ɓangarorin biyu sun haɗu da sun fahimci juna. Bayan hijirar Mormon zuwa Utah, a 1876, shugabansu Brigham Young ya ɗora wa wata mata mai suna Emmeline B. Wells aikin tara hatsi saboda ranar yunwa, bayan ya daɗe yana yi wa maza wannan kira ba su yi abin kirki ba. Matan suka shiga gonaki suna kala bayan girbi. Suka sayar da ƙwai da barguna da tabarmin tsumma suna sayen alkama, suka gina rumbuna da kuɗinsu, suna yaƙi da ɓera da ƙwari shekara da shekaru. Daga wannan alkama aka aika agaji San Francisco bayan girgizar ƙasar 1906, aka aika ƙasar Sin lokacin yunwar 1907. Ba alkama kaɗai ba: suna da jaridarsu, Woman's Exponent, daga 1872 zuwa 1914, wadda ita Wells ta shafe kusan shekara 37 tana gyarawa, sun ɗauki nauyin mata zuwa Philadelphia karatun likita, sun buɗe asibitin Deseret a 1882. Kuɗinsu ne, lissafinsu ne, gine-ginensu ne.

A 1918, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnatin Amurka ta nemi sayen alkamar. Aka sayar mata da fiye da tan 5,000. Ofishin babban bishop na ikilisiyar ne ya ƙulla cinikin ba tare da ya fara jin ta bakin matan ba, sai daga baya aka zo ana ba su haƙuri. Wells tana da shekara 90 a lokacin, ta ba wannan aiki shekara 42 na rayuwarta. A shekara mai zuwa shugaban ƙasa Woodrow Wilson ya je har masaukinta ya yi mata godiya. Masu kirari suna son ba da labarin wannan ziyara. Ba su cika son ba da labarin wanda ya sa hannu a takardar ciniki ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga nan abin ya yi ta zagwanyewa, a hankali, ba tare da hayaniya ba. Tun zamanin Nauvoo matan suna shafa wa marar lafiya mai su ɗora masa hannu su yi addu'a, musamman mai naƙuda; a 1946 wasiƙa ta fito daga sama cewa ya fi kyau a kira dattawa maza. A 1970 aka rufe mujallar ƙungiyar, wadda ke fitowa tun 1915, aka kuma umarce su su miƙa asusunsu ga shugabannin maza, su daina tara kuɗin kansu, da sunan daidaita harkokin ikilisiya a ƙarƙashin inuwa ɗaya. A 1978 shugabarsu Barbara B. Smith ta miƙa ragowar alkamar, fiye da tan 6,000, ga babban shirin jin ƙai na ikilisiya. A 1995 shugaba Gordon B. Hinckley ya tsaya a babban taron mata ya karanta sanarwar da ta fayyace matsayin uba da uwa a cikin iyali. Chieko Okazaki, wadda ke cikin shugabannin matan su uku a lokacin, ta bayyana daga baya cewa ba a shawarce su ba wajen rubuta ta. Takarda a kan uwa, a taron iyaye mata, ba da hannun uwa ko ɗaya ba.

Yau ga yadda abin yake. Shugabar mata a unguwa ita ke shiga gidan mabuƙata, ta duba tukunya, ta rubuta abin da ake bukata. Amincewar da za ta fitar da kuɗin tana hannun bishop. Ushirin da mata ke biya, maza ne ke ƙirga shi. Namiji ke naɗa shugabar mata a kowane mataki, shi ke sauke ta. Shugabannin mata na duniya kan yi kusan shekara biyar a canza su, manzanni maza kuwa sai mutuwa. A babban taron da ake yi sau biyu a shekara, cikin masu jawabi kusan 30 mata ba su cika wuce 3 ko 4 ba. Yaro a shekarar da zai cika 12 ana ba shi matakin farko na firistanci ya raba jibin Ubangiji, uwar da ta haife shi ba ta da wannan dama. Ranar sa wa jariri albarka, maza ne ke zagaye shi, mai jegon tana zaune cikin jama'a.

Za a ce mini, ina ruwanki, ke da ba addininki ba? Za a kuma ce su matan ba su yi ƙorafi ba. Hujja ta biyun tana da nauyi, ba zan tsallake ta ba. A binciken da cibiyar Pew ta yi a Amurka a 2011, kashi 90 cikin 100 na matan Mormon sun ce ba su goyon bayan a naɗa mata firist, har sun fi maza ƙin abin. Mama ma haka ta ce, tana dariya: aikin da ke kanta ya ishe ta, kada a ƙaro mata. Na yarda da ita, kuma ba ni da hurumin gyara wa kowa aƙidarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan sun yi imani cewa firistanci na maza ne daga Allah, tsakaninsu ne da Ubangijinsu.

Amma alkama ba firistanci ba ce. Mujalla ba wahayi ba ce, asusun banki ma haka. Abubuwan nan matan sun riƙe su kusan shekara ɗari a cikin wannan addini, ƙarƙashin waɗannan shugabanni, sama ba ta faɗo ba. Abin da aka taɓa ba ka a cikin addini aka karɓe, ba za a ce maka addini ne ya hana ba. Tsari ne na mutane, kuma mutane kan sake tsari idan sun ga dama. Shaida kuwa ita ce sun sake. Sai a Afrilun 2013 mace ta fara jagorantar addu'a a babban taro, Jean A. Stevens, bayan fiye da shekara 180 da kafa ikilisiyar, kuma babu wanda ya iya nuna ayar da ta hana tun farko. A 2012 aka rage shekarun fita wa'azi ga 'yan mata daga 21 zuwa 19, suka yi ta tururuwa. A 2019 aka yarda mace ta tsaya shaida a baftisma da ɗaurin auren haikali. Kowane ɗaya cikin waɗannan, kwana ɗaya kafin a sanar da shi, akwai mai kirarin da zai rantse maka cewa ba zai yiwu ba.

Batun cewa ba su yi ƙorafi ba kuwa, sai a tambaya me ke samun wadda ta yi. An kori Sonia Johnson daga ikilisiya a 1979 saboda yadda ta yi fafutukar dokar daidaita haƙƙin maza da mata a kundin tsarin mulkin Amurka. An kori lauya Kate Kelly a 2014 saboda ƙungiyar da ta kafa ta neman a naɗa mata. Majalisar da ta yanke mata hukunci duk maza ne, domin mace ba ta zama a irin wannan majalisa. Inda kora ke jiran mai ɗaga murya, shiru ba ya zama hujjar yarda. Kuma shirun ma ba cikakke ba ne. A watan Maris na 2024, ɗaya daga cikin shugabannin matan ta faɗa a wani jawabi cewa ba ta san wata ƙungiyar addini da ta ba mata iko kamar tasu ba. Da aka sa maganar a Instagram, dubban mata suka yi ca a ƙarƙashinta, yawancinsu ba waɗanda suka bar addinin ba ne, masu zuwa majami'a ne kowace Lahadi, masu biyan ushiri, masu ɗan littafi irin na Mama a jaka. Waɗannan mata sun fi ƙarfin mai jaje, domin ba su nemi ceto ba. Sun fi ƙarfin mai kirari, domin sun ƙi karɓar yabo a madadin kujera.

Amsar "ina ruwanki" kuma ita ce, na taso ina ganin irin wannan rumbu a unguwarmu. Na ga mata sun yi adashi, sun sayar da awara da ƙuli-ƙuli, sun haɗa kuɗin rufin makarantar Islamiyya, ranar da aka kafa kwamitin makarantar babu ɗankwali ko ɗaya a ciki. Ƙawayena Kiristoci na Kaduna sun ce a wurinsu ma zumuntar mata ce ke cika majami'a da akwatin baiko, dattawan da ke yanke shawara kuwa sanannu ne. Shi ya sa da na karanta labarin 1918 ban ji kamar labarin wasu Turawa na nesa nake karantawa ba. Sai dai mu idan aka zo yi mana jaje mukan fusata mu ruga wurin masu kirari mu fake, ba mu lura cewa a hannunsu makullin yake ba.

Daren Asabar ɗin ƙarshe da na yi a Aba babu wutar lantarki. Na fito tsakar gida na tarar da Mama ta hura gawayi a dutsen guga, tana goge farar rigar jikanta, wanda a shekarar ya shiga sahun masu raba jibi. Burodin da za a gutsuttsura washegari yana kan tebur a cikin leda, ita ta saya da yamma a hanyarta ta dawowa daga shago. Ta gama gugar, ta rataye rigar a ƙofa, ta kira yaron ta miƙa masa faranti babu komai a kai, ta ce ya zagaya tsakar gidan ta gani. Ya zagaya. Ta gyara masa riƙon hannu, ta ce ya daina sauri, ya kuma daina kallon ƙasa. Ya sake zagayawa sau biyu, sannan ta karɓi farantin ta ce ya je ya wanke kwanonin da ya bari tun rana.